Daga Goronyo Zuwa Randar Gidanka

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

 

Yau da asuba, a Mabera ko Runjin Sambo ko Gidan Igwai, wata baiwar Allah ta murɗa famfo. In ta taki sa'a ruwa ya zo, ta cika randa, ta ɗora ruwan koko. In bai zo ba, ta aiki yaro ƙofar gida ya tsayar da mai ruwa, ya sauke mata jarka biyu daga kurarsa. Ina so ni da ku mu bi sawun ruwan nan da baya da baya, yadda mai neman ɓataccen raƙumi ke bin sawu, mu ga daga ina ya taso.

Kaso mai yawa na ruwan famfon birnin Sakkwato daga Gulbin Rima ake ɗebo shi a tace. In ka bi gulbin ka nufi gabas maso arewa, za ka ratsa fadamun Wurno, ka iske Goronyo, inda aka tare shi da wani dogon bango na ƙasa. Ka haye bangon, ka ci gaba, sai ka ga gulbin ya rarrabu. Ga Bunsuru da Gagare da suka kwaso ruwan ƙasar Katsina da Zamfara. Ga kuma Gulbin Maraɗi, wanda ya faro daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya, ya shiga Nijar ya gaida Maraɗi, sannan ya juyo ya sake shigowa Najeriya. Wato kofin ruwan da yaronka ya sha da safen nan, wataƙila a kan gonar geron wani Bamaraɗe ya fara sauka daga sama.

Dalilin da ya sa na ja ku wannan tafiya shi ne wani fannin bincike da masana ke ba ƙarfi a yanzu, wanda ke haɗa abubuwa uku da muka saba rabawa: yadda ake amfani da ƙasa, yadda abinci ke tafiya daga gona zuwa akushi, da lafiyar mutanen birni. Suna sa shi a ƙarƙashin abin da ake kira ci gaba mai ɗorewa, wato a ci yau ba tare da an cinye rabon jikoki ba. A shekarar 2015 ƙasashen duniya suka amince da muradu 17 a Majalisar Ɗinkin Duniya, da niyyar cim musu nan da 2030, kuma a cikinsu akwai kawar da yunwa, da lafiya, da ruwa mai tsabta, da birane masu daɗin zama, da kare ƙasa daga lalacewa. A takarda kowanne da lambarsa. A Goronyo kuwa duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya kafa ribaɗinsa a Wurno, inda ya rasu a 1837 kuma aka rufe shi, bai tsaya ga ganuwa da dakaru kaɗai ba. Ya matsa wa jama'a su zauna a garuruwa, su yi noma, su koyi sana'a, kuma shi da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magani da kiwon lafiya. Mutum ɗaya ne yake tunanin gona, da gari, da jikin talaka a lokaci guda. Kuma dubi inda ya zaɓa ya zauna: a kan tudu, yana kallon fadamar Rima.

Wanda bai san tsohuwar fadama ba, ba zai gane abin da dam ya canza ba, don haka ku ba ni dama in ɗan daɗe a nan. A da, in damina ta yi tsakiya, wajen watan Agusta zuwa Satumba, gulbi kan cika ya batse, ya malala cikin fadama. Manomi ba ya kiran wannan masifa, domin jiransa yake yi. Shinkafarsa ta gargajiya mai dogon wuya tana tashi tare da ruwa. Kifi na bin ruwan ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yansa su girma a inda babban kifi ba ya iya cim musu. In ruwa ya janye, sai ya bar baƙar laka mai maiƙo, takin da ba a saya ba, ya kuma bar damshi a ƙasa. Nan manomi zai bi sawun ruwa da dankali da rogo da albasa, ya haƙa 'yar rijiya kamu kaɗan, ya kafa jigo yana ba fangali ruwa. In ya kwashe amfani, makiyayi ya shigo da shanu su ci abin da ya rage, su bar masa kashi. Masunci, manomi, makiyayi, kowa da lokacinsa a fili ɗaya, kuma gulbi ne ke raba musu lokacin.

Mutanen Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, su suka riga na Goronyo ganin abin da ke faruwa in an tare gulbi. Rabah a bakin Gulbin Sakkwato take, shi kuwa an tare shi a Bakolori, kusa da Talata Mafara, tun 1978. Tarihi bai manta da manoman da aka kashe a can ba a watan Afrilun 1980, lokacin da suka tashi neman haƙƙin gonakinsu. Amma akwai wata asara da ba ta yi ƙara ba. Wani masanin ƙasa daga Jami'ar Kambirij ta Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da dam ɗin yana tambayar manoma da masunta, ya wallafa abin da ya gano a 1985. Ambaliyar da aka saba ta ragu, wuraren da ake shinkafa suka koma gero da dawa, noman rani ya ja baya saboda damshin ƙasa ya yi nisa, kifi ya yi ƙaranci. Waɗanda suka tsara aikin sun ƙirga buhunan da za a samu a filin ban-ruwa, ba su ƙirga buhunan da za a rasa a fadamun da ke ƙasa ba. Irin amfanin bincike ke nan, ya ƙirgo abin da mai lissafin farko ya tsallake.

Madatsar Goronyo an yi aikinta a zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka kammala a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Tsawon bangonta ya kai kilomita 12 da rabi, tsayinsa kamar mita 21, kuma an gina ta don ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Kubik mita ɗaya lita dubu ce, wato jarka 40 irin ta masu kura mai cin lita 25. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ta gwamnatin tarayya, ita ke riƙe da makullinta. An yi ta don noman rani, da shayar da Sakkwato da Birnin Kebbi, da rage ƙarfin ambaliya, da kamun kifi.

Kada wani ya ɗauka ni maƙiyin dam ne. Na ga alherinsa da idona. Gulbin da a da yakan tsinke a bazara ya koma tafkuna, yanzu yana gudana in an sako ruwa. Ka je Falaliya ko Takakume, a nan yankin Goronyo, a tsakiyar hunturu, ƙasa duk ta yi fari fat da ƙura, sai ka ga kore shar ya shimfiɗu: shinkafa, alkama, albasa, tafarnuwa, tattasai, kankana. Matasa da yawa da a da sukan tafi cin rani Kurmi da zarar an gama girbi, sun sami abin da ya tsayar da su a gida. Sai dai filin da aka shimfiɗa wa magudanai har yau ɗan kaɗan ne a kan abin da aka tsara tun farko. Mafi yawan manoma da injinsu suke ja daga gulbi ko daga 'yar rijiyar da suka buga a gona, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin man injin nan ya zama ciwon kai. Wasu suka mayar da injinsu mai amfani da gas, masu hali suka sa na hasken rana, marasa hali suka rage fangali.

Akwai shekaru biyu da duk ɗan yankin nan ya kamata ya riƙe a zuciya. Ta farko 2010. A watan Satumba ruwa ya ci ƙauyuka da gonaki daga Goronyo har zuwa Kebbi, dubban mutane suka kwana a makarantu da kan tudu, gadar da ke kai mutum mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta karye, malamai da ɗalibai suka koma shiga kwalekwale ko su yi dogon zagaye. An yi ta ja-in-ja, wasu na cewa sakin ruwan dam ne, wasu na cewa ruwan sama ne ya fi ƙarfin kowa. Ta biyu 2018. A watan Maris hukumar da kanta ta fito ta ce ruwan dam ya ragu har bai wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da aka gina shi ya riƙe ba, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka gina shi. Gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya je ya gane wa idonsa. Dalilai biyu aka bayar: ƙarancin ruwan sama a daminar 2017, da cikewar dam da yashi da laka.

Ku riƙe maganar yashin nan, domin a ganina ita ce uwar zancen. Ɗauki randa, kullum a zuba mata ruwan gulbi, ba a taɓa wanke gindinta ba. Shekara da shekaru laka na kwantawa. Daga waje randa tana nan yadda take, amma cikinta ya ragu. In aka yi ruwa mai yawa, nan da nan ta cika ta tumbatsa. In aka yi fari, nan da nan ta ƙafe. Ambaliya da ƙamfar ruwa, da muke ɗauka abokan gaba ne, ashe uwarsu ɗaya. Ga kuma zafin ƙasar nan, da kan haura maki 40 a watannin Maris da Afrilu, rana na shan nata rabon daga saman tafki kullum, kuma tafki mai faɗi marar zurfi shi ya fi saurin ƙonewa.

To daga ina yashin ke zuwa? Daga gonakin tudu da aka bari tsirara. An sare itace, an kwashe kara da harawa ƙaf don dabbobi da girki, an nome har bakin gaɓa ba a bar ko ciyawar da za ta riƙe ƙasa ba. Ruwan farko na damina in ya sauko da ƙarfinsa, sai ya kankare fuskar gona, wato ainihin wurin da albarkar take, ya zuba a rafi, rafi ya kai gulbi, gulbi ya sauke a Goronyo. Manomi ya yi asarar ƙasa, dam ya yi asarar ciki. Itacen kuwa da gawayin, ina suka tafi? Birni. Murhun baiwar Allahn nan ta Mabera, wadda famfonta ya ƙi zuwa, da shi ake hura shi. Ba laifinta ba ne, domin ba ta da kuɗin gas, kuma yara sai sun ci tuwo. Amma ku ga yadda igiyar ta zagayo ta dawo ƙofar gidanta.

Maganin wannan ba sai an je Turai ba, yana nan a wajen 'yan'uwanmu na Maraɗi. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, ƙasarsu ta yi ƙwal, iska na binne shuka da rairayi. Wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara, kututturan manyan itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a sare duka, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Manoma suka sa wa abin suna sassabin zamani. Ba dashe, ba ban-ruwa, ba kuɗin kowa. Abin da ya ƙara masa ƙarfi shi ne da manomi ya tabbata itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, ba mai kama shi in ya sari reshe. Da masana suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, suka iske wajen hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram sun sake yin itace, kimanin bishiya miliyan 200. Gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. Gawo ma kowa ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye ya bar gero ya sha rana, da rani ya yi inuwa ya ba dabba abinci. Duk gawon da ya tsaya a gonar Sabon Birni ko Isa ko Shinkafi, yana tare wa Goronyo yashi. Ya kai ɗan'uwana manomi, bana in ka zo sassabe, ka bar goma.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu saurare, har yanzu kuna tare da shirinmu na faɗakarwa, muna magana a kan Madatsar Goronyo. Yanzu bari mu shiga jikin mutum.

Muna yara, in yaro ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa, abokai kan ce ya fara zama namiji. Ni ma na ji wannan magana, kuma na daɗe ina gaskata ta. Ƙarya ce mai cutarwa. Tsargiya ce, kuma tsutsa ke kawo ta. Mai ɗauke da ita in ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa da ke son ruwa mai kwanciya da ciyawa, irin na bakin dam da magudanan ban-ruwa. Daga nan ta fito ta huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ko mai wanka ne, ko mai wanki, ko mai dashen shinkafa, ko masunci. Ba sai an sha ba. Masu bincike daga jami'armu ta nan Sakkwato sun gwada fitsarin yara a garuruwan bakin ruwan Goronyo, sun same ta. In ta daɗe tana shanye jini, yaro ya rame ya kasa karatu, tana lalata mafitsara da ƙoda, tana taɓa mahaifar mata, har takan kai ga ciwon daji na mafitsara. Maganinta ƙwaya ce mai suna praziquantel, ana raba ta kyauta a makarantu, ana auna tsayin yaro da sanda a ba shi daidai jikinsa. Damuwata ita ce yaran da suka fi kowa shiga ruwa su ne ba sa aji ranar rabo: almajirai, da 'ya'yan masunta, da masu kiwo. Malaman tsangaya da sarakunan ruwa, ku nemi a kawo muku rabonku. Wanda ya sha magani ya koma ruwan da ake fitsari a ciki, zai sake ɗauka, saboda haka a yi masai nesa da gaɓa.

Sai maganar feshi, wadda ta fi shafar na birni kai tsaye. Noman rani ba ya yiwuwa yanzu sai da maganin ƙwari, musamman tun da tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta yi ɓarna a 2016. A jikin kowace kwalba an rubuta kwana nawa za a jira tsakanin feshi da tsinka. Da Turanci aka rubuta, da ƙananan baƙaƙe, manomi kuwa ajami ya iya, ko kuma mai shago ne ya tsiyaya masa a wata roba marar takarda. Ya fesa yau, gobe dillali ya zo da mota kasuwa ta yi kyau, ya tsinka. Jibi kabejin da latas ɗin suna kasuwar Ramin Kura, gata suna cikin kwaɗon da aka saya wa yara. Shi kansa mai feshin ba takunkumi, ba safar hannu, iska na mayar masa da maganin a fuska, in ya gama ya wanke tankin a gulbin da ake sha, kwalbar kuma ta koma ta man gyaɗa. Akwai masu zuba fiya-fiya a buhun wake don kada ya yi ƙwari. Saboda irin wannan ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya ƙasashenta a 2015. Su sun gwada sun ƙi, mu kuwa muna ci ba gwaji. Masuncin da ke zuba gamalin a ruwa kifi ya taso, ya sani guba yake sayar wa mutane, kuma yana kashe har ƙwan da zai ci baɗi.

Uwargida, wanke ganye da ruwa mai yawa, ki sake wankewa, ki cire ɓawon waje na kabeji. Yana ragewa, amma ba ya gamawa. Gyaran na gona ne.

Albasa ita ce alfaharin wannan yanki, ita da tafarnuwa. Daga Goronyo da Wurno da Gada da Kware ake lodin ta zuwa Legas da Anaca da Fatakwal, har Gana. A farkon 2021, da masu safarar abinci suka dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, farashin albasa da tumatir ya yi tashin gwauron zabi a Legas, a nan kuma kaya suka yi ta ruɓewa. Amma duk shekara ma labarin ɗaya ne. Kowa ya cire a lokaci guda, kasuwa ta cika, buhu ya faɗi warwas, manomi na da bashin taki da na mai a wuya, dole ya sayar. Wanda ya daure ya zuba a rudu, zafi da damshin damina su cinye masa kaso mai tsoka. Watanni kaɗan bayan haka albasa ta zama gwal, ribar kuma tana hannun wanda ya iya ajiya. Duk albasar da ta ruɓe, ruwan Goronyo ne ya ruɓe, da man inji, da gumin mutum. Rumbun ajiya mai shan iska da aka ɗaga daga ƙasa ba abin a-zo-a-gani ba ne a wajen injiniyoyinmu, kuma zai fi wa manomi amfani a kan a ƙara masa fili.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Jihar da ke ciyar da Legas albasa, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaranta 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda rashin abinci mai gina jiki. A birnin Sakkwato akwai asibiti na musamman da aka buɗe tun 1999 don cutar noma, mai zaizaye baki da fuskar ƙananan yara, cutar da tamowa da rashin tsabtar baki ke buɗe wa ƙofa. A ƙarshen 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Yaro na zaune a tsakiyar lambu, kifi na fita daga garinsu a kwando, shi kuwa daga koko sai tuwo. Maigida, kafin ka ɗaure buhu na ƙarshe, ware na gida. Wake, gyaɗa, zogale, kifi ko ɗan ƙarami ne, ƙwai ko sau biyu a mako. A zuba garin gyaɗa ko na waken suya a kokon yaro. Jariri kuma nono zalla har wata shida.

Ba zan yi maganar gabashin Sakkwato in tsallake rashin tsaro ba. A watan Oktoban 2021 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ranar da take ci, aka rasa rayuka fiye da arba'in. Kafin nan, a 2018, ƙauyukan Rabah sun watse, mutane suka taru a Gandi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Duk ƙauyen da ya tashi, gona ce ta koma saura, kuma iyali ne suka ƙaru a kangon gini a bayan birni, ba famfo, ba masai. Abinci ya ragu, masu ci sun ƙaru. A irin wannan cunkoso amai da gudawa ke samun wurin zama, kuma a 2021 cutar ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, Sakkwato na cikin jihohin da ta taɓa. Rikicin kansa yana da saiwa a maganar ƙasa, domin burtali da mashaya da makiyaya da aka nome suna cikin abin da ya fara ɓata tsakanin manomi da makiyayi, kafin ɓarayi su hau kan abin su mayar da shi sana'a.

To wa ke riƙe da wannan igiya? Dam na tarayya ne. Famfo na jiha ne. Malamin gona yana wata ma'aikata, malamin asibiti yana wata, mai kula da daji yana wata, kasuwa tana hannun ƙaramar hukuma, wani reshen gulbin ma yana ratsa wata ƙasa. Kowa ya kama gaɓarsa. An yi yunƙuri, ba a ce ba a yi ba. Shirin Fadama na shekarun 1990 ya yaɗa injin ban-ruwa da rijiyoyin gona. Shirin TRIMING, da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya sa filin ban-ruwa na Rima ta Tsakiya, mai shan ruwan Goronyo, a cikin wuraren da zai gyara, tare da Bakolori da Kano da Haɗeja da Daɗin Kowa, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, don manoma su riƙa yashe magudanansu suna raba ruwa da kansu. Wannan tunani ne mai kyau, in ƙungiyar ta zama ta manoma da gaske, har da mata da masu aron gona.

Bincike ma ana yi. Ɗalibai nawa suka je Goronyo da kwalabe suka ɗebi ruwa da ƙasa, suka cika takardun tambayoyi, suka sami digiri? Sakamakon yana kan kanta a ɗakin karatu, da Turanci, manomin da ya bar aikinsa ya amsa tambayoyin bai taɓa jin abin da aka gano ba. Wannan bashi ne, kuma ya kamata a biya. Ina kira ga malaman jami'a da na kwalejoji, duk wanda ya yi bincike a wani gari, ya koma garin ya zauna a ƙofar fadar hakimi ya faɗa da Hausa. Ina kira ga hukumar dam, a sa jirgi da na'ura a auna zurfin tafkin a kai a kai, a faɗa wa jama'a nawa yashi ya ci. Ranar da za a saki ruwa, da yawan da za a saka, a sanar a rediyo da masallatai da wayar masu unguwanni tun da sauran kwanaki, don mai shinkafa a Wurno da mai gida a bakin gaɓa su kintsa. Hukumomin lafiya da na abinci su riƙa ɗaukar ganye da wake daga kasuwanninmu suna gwadawa, yadda Turawa ke gwada abin da za su ci. A sa kamfanonin maganin feshi su rubuta gargaɗi da Hausa, boko da ajami.

Kai kuma mai saurare, naka aikin ba ya jiran kowa. In yaronka na fitsarin jini, kai shi asibiti a makon nan. In ka yi feshi, ƙirga kwanakin kafin ka tsinka, ka fasa kwalbar ka binne ta nesa da ruwa. In ɗan majalisarku ya zo gaisuwa, tambaye shi yaushe aka auna yashin Goronyo, kuma me aka samu.

 

(Kiɗan rufe shiri)